Ƙugiyar Fanka

Da hantsi mai gidan burodi ya kawo ƙara ofishin 'yan sanda an sace masa janareta. Kafin Sufeto ya dawo daga kotu, har Saje ya kamo mai kwaɓa fulawar gidan, wai ya ma amsa laifi.

A bakin kanta Sufeto ya tarar da matar mutumin, da goyo a baya.

"Ranka ya daɗe, an ce in kawo takardar gida kafin a ba ni belinsa. Mu da muke haya? Kuma na miƙa masa ruwa, kofin ma ya kasa riƙewa. Da hannun nan fa muke ci."

Sufeto ya sa aka fito da shi. Wuyan hannunsa duka biyu ya saluɓe, yatsu sun kumbura kamar an hura su.

"Wa ya yi maka haka?"

"Faɗuwa na yi, Yallaɓai." Ya saci kallon ƙofa.

"Faɗuwa ce ta zagaye hannu haka? To, Allah ya sawwaƙe."

Da aka kira Saje, ko gezau. "Ankwa ce ta matse shi, Oga. Ka san su da fizge-fizge."

Shekara da shekaru Sufeto yana sa wa mutane ankwa, bai taɓa ganin wadda ta bar zanen tufkar igiya ba.

Ya shiga ɗakin tambaya, zafi kamar tanda. An sauke fanka, an jingine ta a bango.

"Lalacewa ta yi," in ji kurtun da ke tsaron ɗakin.

"Yaushe? Jiya a ƙarƙashinta na sha iska."

Ya taka kujera ya duba sama. Ƙugiyar fankar ta lanƙwashe, ga zaren igiya maƙale. A kan tebur kuwa, tabon ƙarfe ne guda biyu sun shiga katako. Duk ofishin mutum ɗaya ne ke buga ƙarfe a dugadugan takalminsa don a ji tahowarsa: Saje.

Kurtu ya fara gumi. "Ni tebur kawai na riƙe masa."

Saje ya sunkuyar da kai. "Na rataye shi, Oga. Ɗan lokaci ne. Mu ma haka muka taras ana yi."

"Tsarin mulki ya hana azabtar da mutum, ko ɓarawo ne. Doka ta hana belin da ya fi ƙarfin laifi. Ka sani sarai. In hannun nan ya mutu, kai za ka ciyar da 'ya'yansa? Ga Allah kuma yana jiranka."

Aka ba matar belin mijinta, motar ofis ta wuce da su asibiti. Maganar janareta kuwa, Sufeto ya ce a faro ta daga tushe.

Sufeto ya sa wani kofur ya tasa Saje zuwa bayan kanta, kofur ɗin yana ta noƙe-noƙe.

"Yi masa yadda ake yi wa kowa kafin a kulle shi," in ji Sufeto.

Kofur ya gyara murya. "Oga Saje, a cire bel."