Jirgin Waya da Rabin Askin Kawu

Auta ta ɗaga labulen shagon aski, ta tarar da abin da take tsoro. Kawunta na zaune a kujera da ƙyalle ɗaure a wuya, gefen kansa na dama tas kamar bayan kwano, na hagu kuwa gashi na nan cunkus. Mai askin da take mutuwar so yana tsaye a bayansa, kilifa na ta kuka a hannunsa, idonsa kuma na kan wayar da ya jingina da madubi.

Babanta ne ya turo Kawu. Ya ce tunda ana raɗe-raɗin yaron nan yana cacar waya, Kawu ya je ya yi aski, ya dawo da magana ɗaya: a ba shi Auta ko a hana shi.

"Masoyi..." ta ce a hankali. "Kan Kawu fa."

"Yanzu, rabin raina, yanzu... bari ya ɗan ƙara hawa."

Wasan ba shi da wuya, shi ya sa yake cin mutane. Ka zuba kuɗi, wani ɗan jirgi ya tashi a fuskar waya, lamba na hawa tare da shi. In ka danna ka fita da wuri, a ninka maka. In ka tsaya, jirgin ya ɓace da kuɗinka. Ba wanda ya san lokacin ɓacewar, amma kowane mai yi rantsuwa yake shi ya sani.

Jirgin ya ɓace. Mai aski ya ja tsaki.

"Malam," in ji Kawu, yana juya kai a madubi, "wannan sabon yayi ne, ko ɗaya gefen sai na sake bin layi?"

"Afuwa, Kawu. Ai ni ba irin 'yan cacar nan ba ne. Da tsari nake yi. Ina da iyaka, in na kai ta sai in tsaya."

"To yau ka kai ta?"

"Na kai... sai na ɗan matsar da ita gaba."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Matan gidansu kaf sun ce mata ta kwantar da hankali, aure zai gyara shi. Ita kuwa tela ce, ta sha karɓar yadin da aka ce wanki zai gyara, har yau ba ta ga wanda ya gyaru ba.

"Ba ni wayar nan," ta ce. "Wai mene ne abin wuya a danna abu ɗaya? Bari in nuna maka yadda mai hankali yake fita."

Ya miƙa mata. Jirgi ya tashi, yatsarta na rataye a kan madannin.

"Danna," ya ce.

"Tsaya tukuna."

"Ya isa haka, hasken idona, danna."

"Ka ƙyale ni mana... ina ji a jikina wannan zai yi nisa."

Ɓat. Jirgi ya tafi.

"Sake sa min," ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba.

Mai aski ya dube ta ta madubi. Baki a buɗe, ido a waje, ɗankwali ya zame har kunne ba ta ma sani ba. Yarinyar da ke warware riga guda saboda ɗinki ɗaya ya karkace! Bai taɓa ganin wannan fuskar a wurinta ba, amma ya san fuskar. Tasa ce, wadda mahaifiyarsa ke kallo kullum in ta ajiye masa abinci har ya huce.

Ya kashe kilifa, ya zare wayar daga hannunta.

"Sau ɗaya kawai..." ta ce.

"Abin da nake faɗa ke nan tun bara." Ya girgiza kai. "Ni na yarda in lalace ina kiran abin tsari. Amma ke, Auta? Wallahi a'a. Ba a gabana ba."

Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta gyara ɗankwali, hawaye ya cika mata ido.

"Na zaci hankali ne ke fitar da mutum," ta ce.

"Ni ma haka na zata. Ashe wanda bai shiga ba ne kaɗai ya fita."

Kawu ya yi gyaran murya.

"To, ga abin da zan kai wa babanki. Yaron nan ba ya iya tsayar da kansa, wannan na gani da idona, kaina ma shaida ne. Amma da ya ga abin ya kama ki, jikinsa ya yi sanyi. Alkawarin ɗan caca ban saye shi ba, tsoron nan kuwa na saya. Zan ce a ba shi, in wasan ya bar wayar nan yau."

Mai aski ya durƙusa, ya miƙa wayar da hannu biyu.

"Kawu, ka goge shi da kanka. Ni ban yarda da yatsana ba."

Kawu ya karɓa, ya nesanta wayar da fuskarsa irin na mai neman tabarau. A fuskar wayar wani sabon jirgi ya fara tashi, lamba na hawa a hankali. Ya ƙura wa jirgin ido. Ya ɗan matso da wayar kusa.

"Wai..." ya ce, "in mutum ya sa kaɗan, kaɗan dai, kuma dattijo ne mai sanin ya kamata..."

Auta da mai aski suka kai wa wayar wawura a tare. Auta ce ta riga, kuma ba ta ko kalli jirgin ba ta goge shi.