Jita Mai Tsirkiya Biyu

Ana saukowa daga masallacin Juma'a Haladu ya faɗo caji ofis, hula a hannu, yana haki.

Duk Birnin Kudu an san Haladu. Da gyaran rediyo ya fara, amma da kuɗin mai ya yawaita a ƙasa, samari suka shiga kafa ƙungiyoyin kiɗa suna watsewa kafin damina ta zagayo, sai ya koma sayen kayansu na hannu. Ya fi ƙwarewa a kan jitar bes, babbar nan mai tsirkiya huɗu da ake jin ƙuginta har cikin ciki. Zai saye ta a gajiye, ya canza mata wayoyi, ya fesa fenti, ya sayar kamar jiya aka sauke ta daga jirgi.

"Ranka ya daɗe, an gama da ni! An fasa mini shago!"

Sufeto Abdulsalami ba mutum ne mai son hayaniya ba. Ya ɗauki hularsa ya ce, "Mu je in gani."

Ta baya ɓarawon ya shiga, ya lanƙwasa langa-langar ƙofa. Ga rediyoyi a jere, ga amfilifaya, na'urar ƙara sauti, sabuwa fil, babu abin da aka taɓa.

"Me aka ɗauka?"

"Jita guda, baƙa. Wasu yaran Bauchi sun riga sun taya, gobe za su zo ɗauka."

A ƙusar da ake rataye jitar, Sufeto ya ga wata doguwar waya a naɗe. "Wannan fa?"

"Wayarta ce. Da ita ake haɗa ta da amfilifaya."

"In babu ita?"

"Ai bebiya ce, ranka ya daɗe. Ko kana kusa da ita da ƙyar za ka ji motsinta."

"A ina ka saye ta?"

"Kano. Sabon Gari."

Amsar ta fito da sauri fiye da kima. Sufeto ya shafa teburin aiki, garin jan fenti ya manne masa a yatsa. Ya duba, ya karkaɗe yatsan.

"Wa kake zargi?"

"Ɗan'azumi mai ganga. Ran Laraba ya zo ya tsaya ya zuba mata ido kamar maye."

A tashar mota aka kamo Ɗan'azumi, inda yake kamasho. Da ɗingishi ya shigo ofis, kuma tun kafin a ba shi wurin zama ya ce, "Ni na ɗauka."

"Tana ina?"

"Na sayar wa wani direba."

"Sunansa?"

"Ban tambaya ba."

"Ka yi kiɗa a ƙungiya?"

"Na yi shekaru."

"To makaɗi ne zai saci jita ya bar wayarta a ƙusa ɗaya da ita?"

Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai. "Na dai ce ni ne. A kai ni kotu."

Dole aka rufe shi, tunda ya amsa da bakinsa, kuma ran Litinin za a gurfanar da shi. Amma abin ya tsaya wa Sufeto a rai. Ya sha ganin masu gudun laifi, bai saba ganin mai rungumar laifi da hannu biyu ba. In bai gano gaskiya kafin Litinin ba, gurgun nan zai tafi gidan yari a banza.

Ɗingishin ne ya tuna masa. Bara motar wata ƙungiyar kiɗa ta ƙwace a hanyar Kano, kuma shi da kansa ya je wurin. Mai gangarsu, wato Ɗan'azumin nan, ya karye a ƙafa. Mai kaɗa bes, wani saurayi Ƙasimu ɗan garin Sara, ko shurawa bai yi ba. Sufeto ya tuna da wata jar jita kwance a cikin ciyawa, ko ƙwarzane babu a jikinta.

Washegari da safe ya koma shagon.

"Haladu, jitar nan ja ce kafin ta zama baƙa."

Haladu ya fara rantse-rantse, Sufeto ya nuna masa teburin. Sai ya sauke murya.

"Wallahi saya na yi, hannun shugaban ƙungiyar. Amma ka san mutanenmu, wa zai sayi kayan mamaci? Shi ya sa na canza mata launi."

"Ɗan'azumi shi kaɗai ya zo ran Laraba?"

"Da wani tsoho. Ya tambaye ni wai ta ɗansa ce? Na ce a'a." Ya sosa ƙeya. "Ya kama maratayin fatar da ke jikinta ya ƙi saki, sai da na ɓamɓare hannunsa."

"Allah ya shirye ka, Haladu."

Bayan azahar Landirobar Sufeto ta isa Sara, ta ƙasar Gwaram. Ba a sha wahalar samun gidan ba, don kowa ya san mahaifin Ƙasimu, Maikano mai garaya, wanda ya yi wa maharban yankin kiɗa tun yana saurayi. Wata mata ta fito zaure, ta ce ita Barira ce, yayar marigayi Ƙasimu.

"Baba yana ciki?"

"Ba shi da lafiya. Ya kwana biyu ko ƙofar gida bai leƙa ba."

Sufeto ya kalli sharar da aka tara a bakin ƙofa. Wasu siraran ƙarafa suna ƙyalli a ciki, kowanne bai fi tsawon yatsa ba. Ya tsinci ɗaya. Irin ƙarafan nan ne da ake gittawa a wuyan jita, inda makaɗi yake danna tsirkiya.

Barira ta dube su, ta dube shi, ta fashe da kuka. Ta matsa ta ba shi hanya.

Tsohon yana zaune a kan buzu a tsakar ɗaki, jitar a cinyarsa. An zare duk ƙarafan wuyanta, an cire tsirkiya biyu an bar biyu, kamar garaya. Ya kafa haɓarsa a jikin katakon, ido a rufe, yatsunsa suna yawo. A ɗakin babu abin da ake ji sai ɗan ƙis-ƙis.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Ta ƙashin muƙamuƙi nake jin ta, ɗana. In ba haka ba, ba ta magana." Ya buɗe ido ya ga kaki. "To. Kun zo."

"Kai ka fasa shagon?"

"Ni ne. Na bari aka shiga masallaci. Ka ga tsufan banza, ana salla ina sata."

"Me ya sa?"

Ya shafa maratayin fatar. "Ni na ɗinka wannan, na sa wa ƙaramar garayar da na yi wa Ƙasimu yana yaro. Da ya ce jita zai bi, na ce ya fita mini daga gida, ya zubar da gadon ubansa. Sau nawa yana aiko mini in zo in ji wasansa, ban taɓa zuwa ba. Na ɗauka ya yar da duk abin da ya fito daga hannuna. Ashe wannan yana kafaɗarsa har ranar da ya mutu."

"Ƙarafan fa?"

"Tuntuɓe suke sa ni. Yatsuna ba su san hanya a kansu ba."

"Ka san Ɗan'azumi yana rufe? Ya ce shi ya sata."

Tsohon ya zabura. "Innalillahi! Yaron nan nuna mini ita kawai ya yi. Tashi mu je!"

Suka kama hanyar Birnin Kudu. Da aka hango rufin kwanon kasuwa sai tsohon ya ce, "Sufeto, alfarma ɗaya. Ban taɓa jin muryarta yadda mutane suke ji ba."

Babu wannan a cikin dokar aiki, Sufeto ya sani sarai. Ya ce wa direba ya tsaya a shagon Haladu, ya kuma aika a fito da Ɗan'azumi a kawo shi.

Da Haladu ya ga yadda aka yi wa hajarsa, ya ɗora hannu a ka zai fara kururuwa. Sufeto ya harare shi. "Haɗa ta."

Ya haɗa amfilifaya da batirin mota, ya soka wayar. Maikano ya taɓa tsirkiya ɗaya, kwanon shagon ya ɗauki rawa. Tsohon ya firgita, ya janye hannu. Sannan ya gyara zama ya fara wani tsohon taken maharba, a hankali, sautin yana zamewa daga sama zuwa ƙasa babu abin da ke tare shi. Masu wucewa suka tsaya cirko-cirko.

Ɗan'azumi, wanda ya iso yana jan ƙafa, ya jingina da ƙofa yana share ido.

"Baba, ai da wannan taken Ƙasimu yake buɗe kowane wasa. Yakan ce na babansa ne."

Yatsun tsohon suka tsaya cak. Ya daɗe yana kallon Ɗan'azumi.

"Kowane wasa?"

"Kowanne, Baba."

Maikano ya kwance maratayin ya miƙa wa Sufeto tare da jitar, don ya san duka kayan shaida ne. Sufeto ya karɓi jitar. Fatar kuwa ya naɗe ta ya mayar masa a aljihun riga, Haladu kuwa ya kau da kai.

A duk shekarunsa na aiki, Sufeto Abdulsalami bai taɓa kama ɓarawon da ya so a ce ya kuɓuce masa ba sai wannan. Bai sa masa ankwa ba. Ya riƙe masa gwiwar hannu ya taimaka masa ya hau mota.

Tsohon ya zauna, hannunsa a kan aljihun. Mota ta tashi, yana ta maimaitawa ƙasa-ƙasa, "Kowane wasa. Ni kuwa ko sau ɗaya ban je ba."