Madubin Mai Zanen Katun

Ana shirin kiran magariba ta koma ofis, wai ta gyara bakin kyanwa. Aikinta ke nan, zanen katun. Fim suke yi na dabbobin gida masu magana: kare sarkin ɗoki, aku uban gulma, sai kyanwa ɓarauniya mai ƙaryar tsiya. Kyanwar ma ba daga ka ta ƙirƙiro ta ba. Wata mai tabo a ido ce da ke kwanciya a katangar ofis. Ta kwafe ta tsaf, ta laƙa mata sata, alhali ko ƙashi ba ta taɓa ganin ta ɗauka ba.

Masu wannan sana'a ba sa rabo da madubi a tebur. Sai ka furta maganar, ka kalli leɓɓanka, sannan ka zana. Ta jawo nata, ta kashe sautin kwamfuta. Fanka na ƙara a sama. Wani ƙarni ya cika ɗakin, irin na jiƙaƙƙen gashi.

Ta furta maganar kyanwar fim: "Ni ban taɓa naman nan ba." Ta yi shiru.

Bakin bai yi shiru ba.

A madubi leɓɓanta na ta motsi. Ta kai yatsa. Da gaske motsi suke.

"Wa ya ce miki ni ɓarauniya ce?" Daga maƙogwaronta muryar ta fito, siririya, a shaƙe.

A fuskar kwamfuta kyanwar ta juyo ta zuba mata ido. Ba wanda ya zana hakan.

"Wata da watanni kina juya min baki yadda kika ga dama. Yau ki ara min naki."

Ta nemi addu'a, harshen ya ƙi. Ta ji yana lasar haƙoranta, da kaushi.

Ƙofa ta buɗe. Tsohon mai gadi ne.

"Ranki ya daɗe, zan kulle. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, baba," in ji bakinta. "Ja mana ƙofar."

Ya fara ja.

Hannu dai har yanzu nata ne. Ta wafci madubin ta maka da ƙasa. Ihun da ya biyo baya, da muryarta ya fito.

Washegari ta goge kyanwar daga fim, ta shanye faɗan darakta. Kyanwar katanga kuwa ba a sake ganinta ba. Ta ɗauka an rabu lafiya, sai wata safiya ƙaramar 'yarta ta turo baki tana murza ido.

"Mama, ki daina tashina. Kullum kina barci kina cewa in buɗe miki taga."