Akwatin Shirun Injiniya

Ranar da masu sayen masana'antar marigayi Injiniya za su karɓi makullai, aka wayi gari babu akwatin shiru. Kabad ɗin gilashin da yake ciki kuwa ko tsagewa bai yi ba.

Ɗan akwati ne baƙi ƙirin, marar nauyi kamar soso. Marigayi Injiniya ne ya gasa ƙaro a tanda har ya koma kumfar gawayi, ya ƙera shi. Ka sa rediyo ciki ka rufe, tsit kake ji! Sufeton 'yan sandan da aka kira ta san shi. Tana 'yar makaranta aka kawo su kallo, Injiniya na dariya yana toshe wa rediyo baki. Allah sarki, yau da ta shaƙi ƙaurin tandar nan sai da zuciyarta ta karye.

"Mai tanda ne ya sace," in ji ƙanin marigayin. "Dubi hannunsa! Ku tafi da shi."

"Hannuna baƙi ne tun kana rarrafe," in ji tsohon.

Sufeto ta duba kabad ɗin. "Da makulli aka buɗe. Wa ke riƙe da shi?"

"Ni da matar yayana. Ni da nake neman a gama ciniki, ni zan sace?"

"Ita fa?"

"Tun jiya nake kiran wayarta, ba ta shiga."

"A kashe take?"

"Ina! Ko wurin kashewa ba ta sani ba."

Sufeto ta tarar da matar a gida, zaune gaban abinci, ga wani abu lulluɓe da mayafi a kan tebur. Ta gaishe ta, ta kira lambarta. Shiru. Ta yaye mayafin, sai ga akwatin, ta ɗaga murfin, ta sake kira. Waya ta hau ƙara daga ciki.

"Mama, waya a kunne, a tsakiyar gari, amma ba ta shiga? Wuri ɗaya na sani. Ga shi ana shirin kulle mai tanda."

"Subhanallahi! Shi? A sake shi, ni na ɗauka." Ta shafa murfin. "Kafin a kai shi kabad, nan yake zama. In za mu ci abinci sai Injiniya ya zuba wayoyinmu ciki, ya ce yanzu ni kaɗai yake saurare. Su kwashi tanda da injuna, 'yar nan. Wannan dai a bar mini."

Wayar ta sake ɗaukar ƙara, ƙanin ne. Sufeto ta mayar da murfin.

"Ci abincinki, Mama."