Ƙyallayen Hanyar Ƙorama

Ana dab da kiran magariba Darsono yana zaune a barandar gidansa, waya a hannu, yana rubuta wa 'yan ƙungiyarsu ta masu hawa dutse saƙon mako. Shi ne shugabansu, kuma tun da aka kafa ƙungiyar shi yake rubuta saƙon, don duk ƙauyen babu mai son ba da shawara kamarsa. Ya gaya musu damina ta kusa, kowa ya duba takalminsa da rigar ruwansa. Ya ce wanda ya san gwiwarsa ba ta da ƙwari kada ya ji kunyar riƙe sanda. Sannan ya yabe su kan aikin ranar Lahadi, da suka hau suka share dutsen, suka sauko da buhunan shara suka jingine a bayan gidansa.

Yana cikin rubutun sai wata tsakuwa ta faɗo kan rufi, ta gangaro a hankali ta faɗi a gabansa. Wata ta biyo ta. Ya ɗauka ya juya ta a tafin hannunsa. Baƙa ce marar nauyi, irin wadda ba a samu sai can sama kusa da ƙololuwar dutsen, ga ta da sanyi kamar yanzu aka tsamo ta daga ruwa.

"Bu, ina Ratmi?" ya tambayi matarsa Ngatinah, wadda ke suyar awara a madafa. Bu da Pak, wato uwa da uba, haka ake kiran mata da maza manya a garinsu.

"Tana ɗaki tana guga, Pak. Yaran nan ne suka fara jifa kuma?"

Ya leƙa ɗakin 'yarsa ya tarar da dutsen guga yana cin riga, ƙofar baya a buɗe, takalmanta suna nan a bakin ƙofa.

A ƙarshen gonakin kabeji ya cim mata, inda hanya take fara hawa. Tana tafe ba takalmi, tana shafa kowace bishiya kamar mai neman abin da ta ajiye. Ratmi budurwa ce mai surutu, wadda tun tana ƙarama take bin bayansa zuwa dutse tana yi masa tsiya, amma da ya riƙo hannunta ba ta ko dube shi ba. Sai ta ce da wata murya ta tsohuwa, a gajiye, "A nan ma babu."

Daga ranar nan, gidan ya rasa magaribarsa. Da rana Ratmi lafiya lau take, sai dai ciwon ƙafa da ba ta san dalilinsa ba. Da zarar inuwar dutsen ta rufe ƙauyen, tsuntsaye suka yi shiru, sai jifa ya fara, ita kuma ta miƙe. Suka kulle ƙofa, ta tsaya a jikin ƙofar tana ta tafiya a wuri ɗaya har tafin ƙafarta ya fashe. Suka kai ta asibiti, aka auna ta aka ce ba a ga komai ba. Wani lokaci daga bayan gida, inda aka jingine buhunan nan, sukan ji tarin wani tsoho can nesa, kamar daga cikin rami.

'Yan ƙungiya suka yi ta zuwa dubiya, kowa da tasa dabarar. Darsono yana jinsu, kansa a ƙasa. Wannan mutumin ne yake bugun ƙirji cewa ko an rufe masa ido zai kai mutum ƙololuwa ya dawo da shi, shi ake tasowa idan baƙo ya ɓace a hazo. Yanzu ga 'yarsa tana ɓacewa a tsakiyar ɗakinsa, bai san ta inda zai bi ya dawo da ita ba. Tsoro yake ji, tsoro sosai, ya kuma daina ɓoyewa.

Ngatinah ce ta je ta ɗauko Mbah Dulkamid, wato Kaka Dulkamid, tsohon malamin da ke karantar da Alƙur'ani a ƙaramin masallacin gindin dutse. Ya iso bayan la'asar, ya sha shayi, ya tambayi lafiyar kowa, ya zauna yana jiran rana ta faɗi. Da tsakuwar farko ta taɓa rufi sai ya ɗora hannu a kan Ratmi ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Ƙafafunta suna ta motsi a kan tabarma, har daga bisani suka tsaya.

"Ya isa, malam," in ji muryar tsohuwar. "Ni ma Musulma ce. Kana ƙona ni."

"To me Musulma take yi a jikin 'yar mutane?"

"Aron ƙafa na yi. Nawa sun mutu tuntuni. Tambayi uban yarinyar ina ƙyallayena."

Nan take Darsono ya tuna. Dokar ƙungiyarsu ce, shi ya kafa ta: duk wanda ya ɗaura zare ko leda a bishiya don shaidar hanya, ya kwance abinsa idan zai sauko. Ranar sharar, a wata 'yar hanya da ta ratse zuwa ƙorama, ya tarar da tsofaffin ƙyallaye a ɗaure jikin bishiyoyi, sun yi baƙi don daɗewa, kuma an ɗaura su ƙasa ƙasa, daidai ƙugun mutum. Ratmi ta ce, "Pak, bar su mana, ba namu ba ne." Ya ce aikin malalatan masu hawa ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwance har bakin ruwa, yana faɗa.

"Mijina makaho ne," in ji muryar. "Ni na ɗaura masa su lokacin ina da ƙafa. Yana shafa su ya je ya ɗebo mana ruwa, yana shafa su ya dawo. Ranar yana bakin ƙorama aka kwance. Har yau ina jin tarinsa, bai iso gida ba."

Mbah Dulkamid ya ce, "Za a mayar miki da su gobe, kowanne a bishiyarsa."

Sai Ngatinah ta fashe da kuka. Motar shara robobi kawai ta kwashe, ita kuma ta tara ragowar, har da ƙyallayen, ta cinna musu wuta tun ranar Litinin.

"Zan ɗaura sababbi, Mbah," in ji Darsono, yana magana da aljanar da ke jikin 'yarsa kamar yadda zai yi da kakarsa. "Farare tas, duk hanyar."

"Hannunsa bai san sabo ba. Zai ce tarko ne. Ku bar mini yarinyar kawai har in samo shi."

"Ba za a bar miki ita ba," in ji Mbah Dulkamid. "An zalunce ki, amma ba ita ta zalunce ki ba." Ya koma karatu. Jikin Ratmi ya sandare, gumi ya jiƙa ta, numfashinta ya fara sarƙewa. Tsohuwar tana kuka ta bakinta, ba ta kuma fita ba.

Can ta ce, "To uban yarinyar ya ba ni sanin hanyar da ke cikin kansa. In sa wa mijina, ya dawo gida."

"Ta ƙoramar?" Darsono ya tambaya.

"Ba a raba ta. Duka take, da ta dutse da ta gari."

Mbah Dulkamid ya juyo gare shi. "Ni ba na son ciniki da su, Darsono. Zan iya ci gaba da karatu. Amma tsakanin ita da jikin yarinyar nan, wallahi ban san wa zai fara gajiya ba."

Darsono ya dubi ƙafafun 'yarsa, naɗe da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki. Bai dubi kowa ba ya ce, "Ɗauki."

Malamin ya sa ta ta rantse da Allah ba za ta sake dawowa ba, ta rantse. Ratmi ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta buɗe ido ta ce da muryarta, "Bu, ƙishirwa nake ji." Can nesa aka ji tarin nan sau ɗaya, daga nan ba a ƙara ji ba.

Washegari Darsono ya bi maƙwabcinsa zuwa sallar azahar. Da aka idar ya fito shi kaɗai ya tsaya a ƙofar masallaci. Ya san shagon mai aski, ya san bishiyar mangwaro, ya san gadar, amma ya rasa wanne ke bin wanne. Yana nan tsaye har mai askin ya leƙo yana dariya: "Pak shugaba, baƙo kake jira ko kai ne baƙon?" Da ya ga fuskarsa sai dariyar ta ɗauke, ya rufe shago ya raka shi gida.

Ya sauka daga shugabanci a makon. Saƙonsa na ƙarshe ga ƙungiya bai kai na kullum tsawo ba: damina ta sauka, a kula da santsi, kuma duk abin da aka tarar a ɗaure a dutse a bar shi yadda aka gan shi.

Da ƙafar Ratmi ta warke sai ta yayyaga tsohon farin mayafinta na salla, ta bi shingen gora daga ƙofar gida har masallaci tana ɗaura ƙyallayen. Da su yake zuwa, da su yake dawowa. Wata ranar Juma'a da yamma matasan unguwa suka fito sharar titi, ya hango ɗaya ya kai hannu kan ƙyallen da ke kwanar gada. Darsono ya ɗaga sandarsa.

"Don Allah bar shi," ya ce. "Da mai shi."