Mugun Roba Mai Liƙaƙƙen Hannu

A wani gari can, an yi wani yaro mai mutum-mutumin roba na mugun wani fim. Rannan hannun mugun ya ɓalle, ya liƙe shi da ƙaro.

Sai ga abokinsa Jatau da sabuwar ƙwallo, yana son musaya. Ya duba kan mugun, ya duba ƙafa, ya ce, "Kai, ko ƙwarzane babu!"

Yaro ya dubi ƙwallo, ya haɗiye yawu, ya ce, "Duba hannun dai, Jatau. Liƙi ne."

Jatau ya duba, ya tuntsire da dariya. "Ashe har ya gamu da jarumi! Wannan nake so!"

Suka yi musaya, suka buga ƙwallo tare har la'asar, mugu na tsaron gida.