Fararen Duwatsu a Gidan Siddo

Ranar Laraba, tara ga watan Yuni na shekarar 1926, gari ya waye a Gaya da hadari mai nauyi ta gabas, wanda ya yini yana haɗuwa bai zubar da ko ɗigo ba. Iska ta tsaya cik. Kaji ma sun ƙi fitowa daga ƙarƙashin rumbu.

Da rana ta yi ja, Bibata tana zaune a tsakar gida tana tankaɗen garin gero. 'Yarta Aisata ta dawo daga kogi, ta sauke tulu a gindin randa. Ita ce 'yar fari, don haka tun ranar suna Bibata ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan", kuma ba ta yi mata fara'a a gaban mutane, kamar yadda uwarta ta yi mata ita ma. Yarinyar ta saba. Ta san son uwarta daga ƙanzon da ake ajiye mata a gefen tukunya.

Ladan bai gama kiran magariba ba sai wani abu ya faɗo cikin ƙwaryar gari, tim. Gari ya tashi ya rufe fuskar Bibata. Da ta sa hannu, sai ta ciro dutse kamar dunƙulen hannu, gefe ɗaya an shafe shi da farar ƙasa. Da ɗumi a jikinsa, kamar yanzu aka sake shi daga tafin wani. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa a kan katanga ba. Amma ta san dutsen, domin duk Gaya wuri ɗaya ne ake shafa wa duwatsu farar ƙasa.

A ranin da ya wuce aka yanka sabon gwadabe daga Dosso, ya ratsa gari ya raba unguwanni da kogi. An tuda shi da marmara, an haƙa rami dama da hagu don ruwan sama. Mijinta Siddo, tsohon soja mai jar hula, shi aka ɗora a kan masu aikin dole. Baturen hanya, wanda ke zaune a Dosso, ya ce wuri ɗaya za a bar wa masu ƙafa su riƙa ƙetarawa, a cike ramin a nan, a jera fararen duwatsu don mai tuƙin kamiyo, wato babbar mota, ya gani ya rage gudu. Zaɓen wurin ya bar wa Siddo da Maigari.

Kowa ya san inda ya kamata. Tun kakanni mata suke bin hanya ɗaya zuwa kogi, wadda ta bi ta gindin tsohuwar tsamiya, inda kowane mai wucewa yakan jefa dutse a kan wani tsibi, ya yi sallama ko da bai ga kowa ba. Amma Maigari ya so mota ta riƙa rage gudu a ƙofar gidansa, kamar mai gaisuwa, Siddo kuma ya so zaman lafiya da Maigari. Aka sa maƙetara a can, nesa da hanyar kogi. Da duwatsu suka yi ƙaranci, Siddo ya sa aka kwashe tsibin gindin tsamiya, aka shafe da fari.

Mata ba su daina bin tsohuwar hanya ba, don mai tulu a ka ba ta zagaye. Sai su gangara rami, su hau, su ƙetara daidai inda gwadabe ya lanƙwasa, inda tsamiya ke ɓoye abin da ke tahowa. Wani tsoho ya taɓa cike musu ramin da karan dawa. Siddo ya sa aka ɗaure shi a rana, ya yi masa bulala da hannunsa, ya ce abin da Bature ya zana a takarda ba mai taɓa shi.

Da Siddo ya shigo, Bibata ta nuna masa dutsen. Ya juya shi, ya ce aikin 'yan ƙwadago ne masu jin haushinsa, gobe za su sani.

Kashegari da magariba duwatsu suka sake zuwa. Ba su da sauri, a hankali suke saukowa kamar ana ajiye su, amma duk abin da suka taɓa sai ya fashe. Randa ta tafi, tukunyar miya ta tafi. Siddo ya kama mutum biyu daga cikin ma'aikatansa ya ɗaure su a bakin gwadabe, suka kwana a ɗaure, duwatsu ba su fasa ba. Daga baya aka fara jin sawu, ƙananan sawu masu yawa kamar na yara, suna ratsa tsakar gida daga katangar gabas zuwa ta yamma, sai su tsaya cak a tsakiya. Bayan tsayawar sai kukan yaro, gajere, wanda ake yankewa kafin ya ƙare. Warin ƙonannen mai irin na kamiyo yakan cika gidan, ko a ranar da mota ba ta shigo gari ba. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta.

Ranar da abin ya taɓa Aisata, tana hura wuta ne. Ta miƙe, ta taka zuwa tsakiyar gida inda sawun ke tsayawa, ta kwanta rub da ciki, ta karkatar da wuya yadda mai rai ba ya yi. Ba ta ci, ba ta magana, idonta a buɗe. Bibata ta yini tana ɗiga mata ruwa a baki. Da ta ga mijinta bai da niyyar komai sai zagin ma'aikata, da kanta ta aika garin Tanda aka kira Alfa Gado, malamin da aka sani da irin wannan aiki.

Alfa Gado tsoho ne siriri, ba ya yawan magana. Ya zo a kan jaki, ya duba tarin fararen duwatsun da Bibata ta share gefe guda, ya tambayi Siddo daga ina aka kwaso su. Da ya ji amsa, ya daɗe yana kallonsa. Ya jira aka yi magariba, ya sa aka shimfiɗa yarinyar a tabarma, ya zuba turare a garwashi, ya fara karatu a kunnenta da murya ƙasa ƙasa. Duhu yana shigowa, kwaɗin kogi suka yi shiru gaba ɗaya.

Aisata ta tashi zaune. Muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce, a dushe, kamar ta wadda ta gaji da kuka.

Alfa ya yi mata sallama, ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da ya kawo ta gidan Musulmi. Ta ce ita mai gindin tsamiya ce, tun kafin a kafa garin nan take sauka kogi da 'ya'yanta kowace magariba, ta hanyar da mata suka tarar suka bi. Tsibin duwatsun nan shi ne alamarta, a nan 'ya'yanta ke tsayawa su jira ta. Da aka kwashe shi, ƙaraminsu bai san inda zai tsaya ba, ya hau gwadabe shi kaɗai.

"Ƙarfen ya bi ta kansa," in ji ta. "Mai tuƙin ko waiwaye bai yi ba. Me zai gani?"

Alfa ya yi mata ta'aziyya kamar yadda ake yi wa mutum, sannan ya ce yarinyar nan ba ta ɗauki dutse ko ɗaya ba. Ta ce nata ɗan ma bai ɗauka ba. Ya tsananta karatu har jikin Aisata ya riƙa karkarwa, gumi yana zuba, muryar ta yi ƙara ta ce ya dakata, za ta faɗi abin da take so. A mayar da duwatsu gindin tsamiya, a cike ramin, a sa ƙarfen ya riƙa rage gudu a nan.

Duk suka juya wajen Siddo. Ya ce shi ba shi da ikon matsar da maƙetara, sai an rubuta wa Baturen hanya a Dosso ya yarda.

"To, kafin ya yarda," in ji muryar, "mai tuƙin ba ya ganin nawa, amma yana ganin naku. Yarinyar nan za ta riƙa riƙe musu hannu tana ƙetarar da su kowace magariba. Ranar da duwatsu suka koma, na sallame ta."

Bibata, wadda ba ta taɓa sa baki a gaban baƙo ba, ta ce, "Ni zan yi. Ga ni."

"Ke ba jinin Siddo ba ce," in ji muryar.

Alfa Gado ya nemi a karɓi rago, aka ƙi. Ya nemi a karɓi uban da kansa, muryar ta yi wata 'yar dariya, ta ce a tambaye shi. Siddo ya sunkuyar da kai. Mutumin da ke tsaye a kan ma'aikata da bulala ba zai tsaya a bakin hanya yana jan iska da hannu gari yana kallo ba. Ya ce abin ai na 'yan kwanaki ne, gobe za a rubuta takarda. Ya yarda.

Aisata ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi, ta farka tana neman ruwa. Da zai hau jakinsa, Alfa ya ce wa Siddo, "Na fitar da ita daga jikin 'yarka, ban fitar da 'yarka daga hannunta ba. Wannan naka ne. Kada takardar ta kwana."

Wani tafinta ya rubuta masa takardar da safe, Bibata ta gan ta da idonta. Siddo ya ninke ta ya sa cikin jar hularsa. Duwatsu suka daina faɗowa, gida ya yi lafiya, kuma lafiyar ce ta cuce su. Aika takardar yana nufin ya gaya wa Bature cewa ya sa maƙetara inda ba ta dace ba, ya kuma kwashe duwatsu daga ƙofar Maigari. Kullum Bibata ta tambaya, sai ya ce mai gidan waya ba ya nan, ko ya ce a bari Bature ya zo rangadi a yi maganar baki da baki. Ranar da ta matsa, ya ce ba ga yarinyar nan tana zuwa tana dawowa lafiya ba?

Tana zuwa kuwa. Da rana ta faɗi sai ta ajiye abin da take yi, ta nufi tsamiya, ta buɗe hannuwanta biyu ƙasa ƙasa, yatsunta su lanƙwashe a kan abin da ba a gani. Ta gangara rami a hankali, ta hau, ta ƙetare da gajeren taku. Ta gaya wa uwarta hannuwansu sanyi ne da su, kuma akwai wata ƙarama mai ɗingishi da ba ta son a ja ta. Yara suka fara bin ta suna kiranta mai renon iska, mata suka daina haɗa hanya da ita. Bibata takan bi ta daga nesa, ta tsaya a bayan wani rumbu, don kada a ce tana rawar jiki a kan 'yar fari.

Damina ta sauka sosai. Wata magariba, bayan ruwa ya ɗauke, kamiyon waya da ya makara a laka ya taho daga Dosso yana gudu don ya riski gari kafin duhu. Bibata ta ji shi kafin ta gan shi. Aisata tana kan gwadabe, ta wuce tsakiya, hannuwanta a buɗe, saura taku kaɗan ta kai gefe. Ita ma ta ji, don ta ɗan ƙara sauri gwargwadon yadda mai ɗingishin za ta iya. Da an bar ta, da ta kai.

Bibata ta fito daga bayan rumbu da gudu, bakinta ya buɗe da abin da bai taɓa faɗa ba.

"Aisata!"

Yarinyar ta tsaya. Ta waiwayo da mamaki, fuskarta ta fara washewa, kamar wadda aka miƙa wa kyautar da ta daɗe da fid da rai da ita.

Mai tuƙin ya rage gudu a ƙofar gidan Maigari, wajen fararen duwatsu, kamar yadda aka umarce shi.

Kashegari da hantsi aka binne Aisata. Maza suka zauna a ƙofar gida, Maigari ya aiko da goro, aka ce kwana ne ya ƙare. Siddo ya shiga ɗaki ya cire hula don alwala, ya bar ta a kan gado. Bibata ba ta yi kuka ba, ba a kukan 'yar fari a gaban mutane. Ta ɗauki hular, ta zaro takardar. Gumi ya jiƙa ta har ta yi laushi, gefenta ya rine da ja.

Ta yafa zane ta fita ta ƙofar baya. Ba ta zagaya ta ƙofar Maigari ba. Ta gangara rami a gindin tsamiya, ta hau, ta taka wurin da aka zuba sabuwar ƙasa, ta wuce gidan waya. Ma'aikacin ya duba sunan da ke bayan takardar, ya dube ta, ya so ya yi mata gaisuwa, ta ce ya manna tambur kawai. Ya manna, ya buga hatimi, ya jefa cikin buhu.

Ta tambaye shi yaushe za ta tafi. Ya ce yau da azahar, in an gama wanke motar.

"Wace mota?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Guda ɗaya ce, Inna. Wadda ta zo jiya."